Sabulun kashe kwayoyin cuta da lakar rafukan Shikago

A 2013 wasu masu bincike su hudu a Amurka suka fitar da sakamakon wani aiki da sukayi akan laka, eh laka dai wadda ke kwance a kasan ruwa, daga rafuka uku na yankin Shikago. Bradley Drury da John Kelly a lokacin daga jami'ar Loyola ta Shikago suke, sai John Scott, sai Emma Rosi-Marshall ta cibiyar Cary dake jihar New York. Tambayar da suka dauko gajeriya ce: sinadarin nan tirikulosan da ake zubawa a sabulu dan ya kashe bakteriya, in ya bi ruwan wanka ya fita daga gida ya fada rafi, me yakeyi wa bakteriyar dake zaune a can? Ana ta ambaton aikin nan har yau, wasu su kara masa gishiri suce ya tabbatar sabulu ne ya lalata antibayotik, wasu kuma suce ai bai nuna komai ba. Duka biyun basu fadi daidai ba, kuma abinda ni nake gani shine babban darasin aikin, wato maganar bututun kazanta, shi ne aka fi tsallakewa.

Shi tirikulosan kamfanin Geigy na kasar Suwizalan, wanda daga baya ya zama Ciba-Geigy, ne ya hada shi a shekarun 1960, kuma da farko kayan asibiti ne, likitocin tiyata ke wanke hannu dashi tun wajen 1972. Daga baya yan kasuwa suka gano cewa in ka rubuta "yana kashe kwayoyin cuta" a jikin roba to kaya zai tafi, sai aka shiga zuba shi a komai, sabulun ruwa, man goge baki, turaren hammata, safa, katakon yanka nama, har kayan wasan yara. Man goge baki na Colgate Total ma da shi aka fito dashi a Amurka a 1997. Abin ya kai inda hukumar yaki da cututtuka ta Amurka, CDC, da ta gwada fitsarin mutane a 2003 zuwa 2004 ta samu tirikulosan a jikin kusan mutum uku cikin hudu. Kafin nan hukumar binciken kasa da ruwa ta Amurka, USGS, ta debi ruwa a rafuka 139 a jihohi 30 tsakanin 1999 da 2000, ta same shi a kusan kashi 58 cikin dari. Dan haka tun kafin su Kelly su fita an san yana cikin ruwa, abinda ba'a auna ba shine ko yana canza halin bakteriyar rafi a zahiri, a waje, ba cikin kwalbar dakin gwaji ba.

Me yasa Shikago

Sai ka san yadda garin yake kafin ka gane sakamakon. Shikago gari ne da aka gina akan fadama a bakin tafkin Michigan, kuma daga tafkin suke shan ruwa, toh kogin garin kuma cikin tafkin yake zubewa da duk kazantar da ya kwaso. A 1900 injiniyoyi suka juya kogin gaba daya ya koma gudu baya, ya bar tafkin ya nufi kogin Mississippi. Cikin wannan aikin ne aka haka mashigin North Shore, aka gama shi a 1910, tsawonsa wajen kilomita 12 daga Wilmette zuwa reshen arewa na kogin Shikago. Kaga ba rafi bane da Allah ya halitta, hannu ne ya haka shi, kuma tun asali dan ya tura kazanta gaba aka yi shi.

Abu na biyu, kuma anan gizo yake sakar, shine tsarin magudanarsu. Tsoffin garuruwan Amurka da yawa, sama da 700, bututu daya ne ke daukar ruwan bandaki da na kicin da na masana'antu da kuma ruwan sama na kan titi, duka a hade, ya kai matata. In rana ce lafiya lau babu matsala. Amma in akayi ruwa mai karfi ko kankara ta narke bututun ya cika, to dole ruwan ya samu inda zai fita, in ba haka ba ya dawo cikin gidajen mutane, dan haka aka bar wasu kofofi a bakin ruwa da suke amayar da rarar kai tsaye cikin kogi, danye, ko tacewa daya ba'ayi masa ba. Da gangan aka tsara hakan, ba wai lalacewa yayi ba.

Su masu binciken sai suka zabi wurare uku da suka sha bamban. Rafin Nippersink can bayan gari inda bishiyoyi suka fi gidaje yawa, reshen yamma na kogin DuPage a unguwannin gefen birni, sai mashigin North Shore a tsakiyar cunkoso. Suka debi laka, suka auna tirikulosan nawa ne a ciki, sannan suka shuka bakteriyar lakar a faranti iri biyu, daya da tirikulosan a abincin daya babu, suka kirga nawa suka tsiro a kowanne. Aiki ne mai sauki in ka duba, shiyasa ma yake da wuyar musantawa.

Sakamakon ya bi layi tsaf. Duk inda gari ya kara cika, tirikulosan ya karu a laka, kuma kason bakteriyar da bata jin sa ya karu tare dashi. Nippersink ne mafi karanci. Mafi yawa kuma wani wuri ne a mashigin North Shore da yake kasa da kofofin amayar kazanta 25. Abinda ya bada mamaki shine wurin dake kasan matatar ruwan kazanta, inda kowa zai zata nan ne zai fi muni tunda ruwan gidaje dubbai ke fitowa ta nan, tirikulosan dinsa bai ko kusa da na wajen kofofin ba. Matata tana cire mafi yawansa, sama da kashi 90 a matata mai kyau, wani bakteriyar matatar ta cinye, wani ya manne a dagwalon da ake kwashewa. Ruwan da bai bi ta matatar ba shi ne ya cika lakar.

Amma mutum mai hankali zaice tsaya, ruwan bandaki ai ba tirikulosan kadai yake dauke dashi ba, akwai ragowar magunguna, akwai karafa, akwai ita kanta bakteriyar hanjin mutane wadda watakila tun daga gida ta taho da taurin kanta. Ta yaya zaka ce sinadarin ne ya jawo ba wai tare kawai suka zo ba? Wannan tambayar gaskiya ce, kuma sun san za'ayi ta, shiyasa suka koma Loyola inda suke da rafukan roba a cikin gini, kananan kwatami ne da ruwa ke zagayawa a ciki da laka a kasa, kana iya rike zafi da haske da komai yadda kake so. Wasu aka sa musu tirikulosan wasu aka barsu haka, akayi ta bibiya na yan makonni. Wadanda aka sawa, kason bakteriya mai jure masa ya hau. Babu bandaki, babu ruwan sama, sinadarin ne kawai ya bambanta su. Wannan shine ya daure maganar.

Kuma ba juriyar kadai suka gani ba. Ire-iren bakteriyar lakar sun ragu, wasu sun bace wasu sun mamaye wurin, sayanobakteriya, wato bakteriyar nan mai kama da gansakuka dake rayuwa da hasken rana, ta ninka har sau shida, gansakukar ruwa kuma ta mutu sosai. Wannan bangaren mutane basu cika damuwa dashi ba tunda babu kalmar asibiti a ciki, amma gansakukan nan da yaukin dake kan duwatsu su ne abincin kwarin ruwa, kwarin kuma abincin kifi. Ita sayanobakteriya bata da wani amfani sosai a matsayin abinci, wasu irinta ma guba suke fitarwa.

Yadda abin yake faruwa a jikin bakteriya

Shekaru da yawa ana cewa tirikulosan kamar bilic ko barasar goge rauni yake, yana fasa bakteriya ne ta ko'ina lokaci guda, dan haka babu yadda za'ayi ta koyi kauce masa. A 1998 Laura McMurry da Stuart Levy da abokiyar aikinsu a jami'ar Tufts suka nuna ba haka bane. In yana da kadan, wuri daya yake kamawa, wani enzayim, wato sunadarin dake gudanar da wani aiki a jikin halitta, da ake kira FabI wanda bakteriya ke amfani dashi ta kera kitsen da take gina fatarta. Toh duk abinda wuri daya yake duka, canji daya a kwayar gado ya isa ya kubutar da ita. Ma'ana dai halinsa halin antibayotik ne, sai dai shi babu mai tambayarka takardar likita. Gansakuka ma tana da irin wannan enzayim din, shine dalilin da yasa take saurin mutuwa, mu kuma jikinmu wata hanya daban yake bi wajen kera kitse.

Bakteriya tana da dabaru kusan uku ko hudu. Ko ta canza surar enzayim din yadda sinadarin bazai kama ba, ko ta kera shi da yawa har ya fi karfin sinadarin, ko dama tana da wani enzayim na daban da yake aikin, kamar bakteriyar da ake kira Pseudomonas aeruginosa wadda bata ko san anayi ba, har ma a dakin gwaji tirikulosan ake sawa a faranti in ana so a kashe sauran a barta ita kadai. Sai dabara ta karshe wadda ita ce ke hana likitoci barci, wato famfon fitarwa. Wasu sunadarai ne a fatar bakteriya da aikinsu shine duk gubar da ta shigo su watso ta waje, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale, bai damu ko ruwan sama bane ko na kogi, shi dai waje. Famfon da ya tashi aiki saboda tirikulosan shine dai zai watsar da magungunan antibayotik irin su tetirasaikilin da siprofuloksasin da kuloramfenikol. A 2001 a jami'ar jihar Colorado an dauki wata Pseudomonas da aka cirewa babban famfonta, aka hada ta da tirikulosan, wadanda suka tsira sun kunna wani famfon daban, kuma siprofuloksasin da ake bukata kafin a tsayar dasu ya ninka sau 94. Akwai kuma maganin tarin fuka isoniyazid, shima dangin wannan enzayim din yake kamawa, kuma an nuna a wata yar uwar kwayar tarin fuka wadda bata sa cuta cewa canji daya zai iya bata kariya daga su biyun.

Wani zaice ai abinda ke cikin rafi dan mitsitsi ne, ko kusa bai kai na cikin robar sabulu ba. Haka ne, amma wannan ba kwanciyar hankali bane. Mai yawa kashewa yake kowa da kowa, dan kadan din shine yake tankade, ya dan rage wa masu rauni gudu ya bar masu tauri su wuce gaba, yau da gobe sai ka duba kaga sune suka cika wurin. Dan Andersson da mutanensa a Uppsala ta kasar Suwidin sun nuna a 2011 cewa wasu antibayotik ko an rage su sau dari kasa da abinda ke hana bakteriya girma, har lokacin suna fifita masu juriya. Sannan laka ba kamar ruwa bane mai wucewa. Tirikulosan baya son ruwa, mannewa yake a laka, kuma inda babu iska baya saurin rubewa, dan haka bakteriyar kasa tana zaune dashi dare da rana. A tafkunan Minnesota William Arnold ya huda laka ya ciro ta shimfida shimfida, ya samu tirikulosan yana karuwa tun daga shekarun da aka fara sayar dashi, tare da wasu ire-iren gubar dayoksin da yake rikidewa zuwa garesu in kulorin da hasken rana suka taba shi. Ga kuma cunkoso, a yaukin kasan rafi bakteriya manne take da juna, ta hanji da ta kasa da ta ruwa, kuma suna mika wa juna guntayen kwayoyin gado ko ba jinsi daya bane.

Inda aikin ya tsaya

Gaskiya dai abinda su Kelly suka auna juriya ce ga tirikulosan din kansa. Basu bi wata bakteriya daga mashigin North Shore har gadon mara lafiya ba, kuma mafi yawan bakteriyar laka dama bata sa mutum ciwo. Tsakanin laka da asibiti akwai matakai da yawa, sai kwayar gadon ta tsallaka zuwa mai sa cuta, sai mai sa cutar ta shiga mutum ta wanka ko kamun kifi ko ruwan ban ganye, sai kuma ta zauna a jikinsa. Kowane mataki an nuna yana iya faruwa, amma jera su gaba daya a wuri guda ba abinda wannan aikin yayi bane. Akwai ma binciken da Allison Aiello da Elaine Larson sukayi a gidaje sama da 200 a New York, shekara guda wasu na amfani da kayan wanki masu kashe bakteriya wasu na amfani da na gama gari, kuma basu ga wani karin juriya mai ma'ana a hannayen mutanen ba. Kamfanonin sabulu sun rike wannan gam. Sai dai hannu ba laka bane, sabulu dakika ashirin yake a hannu a dauraye, a kasan rafi kuwa shekaru yake.

Daga baya hujja ta kara taruwa ta bangaren dakin gwaji. A 2018 Jianhua Guo da tawagarsa a jami'ar Queensland ta Ostareliya sun bar bakteriyar hanji E. coli cikin tirikulosan kadan, miligiram 0.2 a lita, na kwana 30, ta fito tana jure wa antibayotik iri-iri. A 2019 dakin binciken Petra Levin a St. Louis ya nuna wani abu daban kuma, tirikulosan yana sa bakteriya ta lafe kamar mai barci, maganin da ke kashe masu girma sai ya wuce ta, berayen da aka shayar dashi kuma aka basu siprofuloksasin dan ciwon mafitsara sun rage da bakteriya ninki dari a fitsari fiye da wadanda basu sha ba.

Ni a ganina ba'a ma bukatar jiran hujja ta karshe kafin a yanke hukunci akan wannan sinadarin, saboda daya bangaren ma'aunin babu komai a kai. Da yana hana ciwo da sai a zauna ayi lissafin riba da asara. Amma a Karachi ta Pakistan, Stephen Luby da abokansa sun raba sabulu a unguwannin talakawa, wasu na gama gari wasu mai tirikulokaban wanda dan uwan tirikulosan ne, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna wanke hannu ya rage gudawa da ciwon hakarkari na yara da kusan rabi, amma tsakanin sabulun biyu babu bambanci. Wankin ne yake aikin, kumfa da murzawa da daurayewa. Bitar da Aiello ta yi a 2007 ma nan ta tsaya, na gida mai tirikulosan bai fi sabulu zalla ba. Kwalliya dai bata biya kudin sabulu ba.

Jihar Minnesota ce ta fara, ta yi doka a 2014 wadda ta fara aiki a farkon 2017. Sai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a watan Satumba 2016 ta fitar da sinadarai 19, har da tirikulosan da tirikulokaban, tace kada a kara sa su a sabulun wanke hannu da na wanka da ake sayarwa jama'a, ta bada shekara guda. Kuma dalilin da ta bayar abin lura ne, bata ce an tabbatar yana kashe mutane ba, cewa tayi kamfanoni sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa, sun kuma kasa nuna babu illa in an dade ana amfani dashi. Colgate ma ta cire shi daga man goge bakinta a 2019. Dokar FDA dai bata taba wanda ake sawa a robobi da tufafi ba tunda wannan a hannun wata hukumar yake, EPA mai kula da muhalli, kuma a kasashe da dama har yanzu ana sayar da kaya masu shi.

Abinda ke damuna da yadda aka rufe maganar shine an kama sinadarin an saki bututun. Da aka cire tirikulosan kamfanoni da yawa sai suka koma wani sinadarin kashe bakteriya, benzalkoniyom kuloraid, wanda FDA ta daga masa kafa a 2016 tana jiran karin bayani, sai korona ta zo a 2020 aka shiga fesa shi da danginsa a ko'ina. Su kuma wadannan an dade da sanin cewa kwayar gadon dake kare bakteriya daga garesu sau da yawa a kunshi daya take tafiya da ta jure wa antibayotik din nan dangin salfa, a wani guntun gado da ake kira intagiron, wanda ake yawan samu a bakteriyar asibiti da ta ruwan kazanta. An gudu ba'a tsira ba kenan. Duk abinda aka zuba a sabulu gobe, ta hanyar da tirikulosan ya bi zai bi, kuma aikin 2013 ya riga ya nuna wace kofa ce tafi zubarwa.

Shikago ta san da matsalar tun da dadewa. Tun 1975 suke hakar wani katon rami a karkashin gari, sama da kilomita 170 na hanyar ruwa cikin dutse, da manyan tafkunan ajiya, dan in akayi ruwa a tara rarar a ajiye har matata ta samu sarari. Tafkin Thornton ya fara aiki a 2015, kashin farko na tafkin McCook kuma a karshen 2017. Matatar O'Brien da ke zuba ruwanta a mashigin North Shore sai a 2016 ta fara kashe kwayoyin cuta da hasken UV kafin ta saki ruwan, kafin nan tacewa kawai ake a sake shi haka. Amayar ta ragu sosai amma in ruwan sama ya wuce kima kofofin suna budewa har yanzu, shekara hamsin ana aikin da biliyoyin daloli, a daya daga cikin manyan biranen Amurka.